Matasan da suka horar da ɗalibanmu wasan kwaikwayo na jiki kan yaƙi: ku ɗauko su, amma da sharaɗi

Masu tambaya ta akan matasan nan da makarantarmu ta ɗauko suka horar da 'yan kulob ɗin dirama, bari in amsa muku gaba ɗaya a nan, wallahi bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya a waya. Amsar dai ita ce eh, ku ɗauko su, sun san aikinsu, amma kar ku tura ko sisi sai kun zauna da su an rubuta wasu abubuwa a takarda. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, ita ma makarantar haka, don akwai ƙorafi cikin abin da zan faɗa, su kuma yara ne masu neman na kansu, bana so in kashe musu kasuwa a bainar jama'a.

Ni ce malamar da aka ɗora wa kulob ɗin, sakandare ce mai zaman kanta a nan cikin Kano, ni Hausa na karanta, dirama kawai an ga ina da surutu ne aka ce Malama ki riƙe. Abin da su suke sayarwa shi ne su riƙa zuwa makarantarku bayan an tashi na tsawon wasu makonni, su ɗauki ɗalibai su koya musu irin wasan kwaikwayon da jiki ne ke yin maganar, baki kusan a rufe, kuma basa zuwa da rubutaccen wasa ko da shafi ɗaya. Yaran ne za su ƙirƙiro komai, tun daga labarin har motsin, a ƙarshe a tara iyaye a nuna musu. Makaranta ce ke zaɓar jigo. Mu mun zaɓi abin da yaƙi ke yi wa mutane, kuma ba don kwalliya ba, muna da ɗaliban da iyayensu suka taso daga Bama da Gwoza da Mubi a 2014 lokacin da garuruwan nan ke faɗawa hannun Boko Haram ɗaya bayan ɗaya, sannan ita kanta Kano ai ta ɗanɗana, wa zai manta Juma'ar 20 ga Janairun 2012 da bama-bamai suka tashi a cikin gari, ko harin babban masallacin Juma'a na kusa da gidan Sarki a Nuwamban 2014. Yaran da ke SS1 da SS2 yanzu lokacin suna goye ko suna tatata, a cikin abin suka taso amma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ba su labari.

Kun dai san yadda diramar makaranta take idan an ce yaƙi. Bindigar katako, zoɓo a matsayin jini, a naɗa wa wani dogon yaro rawani ya yi ta ihu, 'yan kallo su yi ta sheƙa dariya duk sanda wani ya faɗi ya mutu yana leƙe da ido ɗaya, can ƙarshe wata yarinya ta fito da farin hijabi ta karanto mana jawabin zaman lafiya, a tafa, a raba minti. To ranar farko jagoransu ya kafa doka: babu bindiga, babu jini, kuma babu wanda zai fito a matsayin maharin. Mazan nan suka haɗe rai, dama kowa soja ya zo ya zama. Hujjar da ya bayar ita ce da zarar ka sa mai bindiga a dandamali shi idon kowa zai bi, shi zai zama jarumin wasan ko kana so ko baka so, wanda aka ƙona wa gida kuma ya koma ɗan rakiya. Tun daga nan na gyara zama.

Farkon horon kam ba abin burgewa, a cire takalmi, a yi ta yawo a cikin hol, ya ce gudu lamba 1 kowa ya ja ƙafa a hankali, ya ce lamba 8 a zabura, sannan abin da yafi ba su wuya, duk su tsaya cak lokaci guda ba tare da wani ya ba da alama ba, sai dai kowa ya kasa kunne ga numfashi da sawun na kusa da shi. Firinsifal ɗinmu ya leƙo ya gani ya ja ni gefe yace Malama, kuɗin nan da muka biya na koyar da tafiya ne? Nace Yallabai a yi haƙuri a gani. Sai da aka kwana biyu ana wannan kafin yara ashirin da wani abu su iya tsayawa tare kamar an taka musu birki ɗaya, kuma duk wasan da aka yi daga baya a kan wannan ya zauna, don in babu magana babu mai hura usur, dole jikinka ya san inda na ɗan uwanka yake.

Ba su suka ƙirƙiro dabarun ba, kuma basu ɓoye ba. Suna yawan ambaton Jacques Lecoq, Bafaranshen da ya faro da koyar da wasannin motsa jiki kafin ya buɗe makarantarsa ta wasan kwaikwayo a Faris a 1956, daga wajensa suka ɗauko zancen sakin fuska, wato kar ka nuna baƙin ciki da murtuke fuska, bari kafaɗa da gwiwa su nuna. Sai Augusto Boal na Burazil, mai dabarar ƙera hoto da jikin mutum. Wasu daga cikinsu kuma a Zariya suka yi karatu, inda tun tsakiyar shekarun 1970 ɗaliban dirama na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ke fita ƙauyuka su ji matsalar mutane daga bakinsu, su haɗa wasa a kai, su nuna a dandalin garin sannan a zauna a tattauna. Wanda ya taɓa shiga gidan wasan nan na ABU da aka gina da laka a Samaru, mai zanen ginin Hausa, ya san abin da nake nufi. Wannan tarbiyyar ta sauraron mutane kafin a hau dandamali ita na fi gani a aikinsu, fiye da sunayen Turawan.

Atisayen mutum-mutumin nan shi ya buɗe komai. Ana raba yara bibbiyu, ɗaya ya saki jiki, ɗayan ya lanƙwasa shi yadda yake so ba tare da magana ba, an ba su kalma guda, misali jira, ko yunwa, ko rabuwa. In an gama sai sauran su zagaya su faɗi abin da suke gani. Yawancin hotunan irin waɗanda kuke zato ne, tagumi, hannu a ka, riƙe ciki. Sai wata yarinya 'yar SS2, shiru-shiru ce, ban taɓa jin muryarta a aji ba in ba kiran suna ake ba, ta tsayar da ƙawarta a kan yatsun ƙafa, ta miƙar mata da hannu ɗaya sama iya tsawonsa, yatsu a ɗan dunƙule, kai a karkace yana kallon hannun. Wani yace addu'a take, wani yace miƙa wuya ne, wani shaƙiyyi yace mangwaro take tsinka. Tace a'a, mamanta ce ke neman sabis. A Mayun 2013 da aka sa dokar ta ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa an katse layukan waya, wata da watanni mutum baya iya kiran ɗan uwansa ya ji ko yana raye, har wasu sai sun yi doguwar tafiya zuwa wata jiha don kawai su buga waya. Ita bata ma tuna lokacin ba, labari ta ji a gida, wai har bayan an dawo da layin mamar bata daina ɗaga waya sama ba. Nan take jagoran yace kowa ya yi wannan tsayuwar. Hol guda, hannaye a sama, ba waya a hannun kowa. Wannan motsin shi ya zama ƙashin bayan wasan, yana dawowa a wurare daban-daban, kuma kowane karo hannun yana ƙara gajiya yana saukowa.

Daga nan suka ba su aikin gida, kuma yadda suka tsara tambayar ya burge ni. Sun ce kar wanda ya je ya tambayi babba me ya faru, ko wa aka kashe. Ka tambaya me kika ɗauka da za ku fita, ya kuke kwana, me hannunki ke yi in kin ji ƙara. Kuma in mutum yace baya son maganar, a bar shi, kar a naci. Abubuwan da yaran suka dawo da su babu marubucin da zai zauna a ɗaki ya ƙago su. Kwana da takalmi a ƙafa da hijabi a wuya. Ƙulle takardun makaranta da katin asibiti a leda a ɗaura a ƙugu ƙarƙashin zani. Uwa tana ƙirga kan 'ya'yanta da hannu, ta gama ta sake, ta gama ta sake. 'Yan Kano kuma suka kawo turin babur, lokacin da in ka zo shingen jami'an tsaro sai ka sauka ka kashe mashin ka tura shi har ka wuce, komai girmanka komai babbar rigarka.

Wata daga cikin masu horon, ita ce ta fi su natsuwa gaskiya, ta rubuta lissafi guda a allo ta bar shi har aka gama. Rahoton da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin arewa maso gabas ya ci rai kusan 350,000, amma kimanin 35,000 ne kawai suka mutu ta hanyar harbi ko bam, sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti da rashin ruwa mai kyau, kuma mafi yawansu ƙananan yara ne. Tace to in haka ne, wasan da ya cika dandamali da harbi ya bar tara cikin goma na labarin a waje. Shi ya sa wasanmu ya zama na hanya, da layi, da jira. Yaran sun kama wannan da sauri fiye da yadda na zata, har wani da yafi kowa son zama soja ya dawo shi ke gardamar a tsawaita wurin layin karɓar abinci.

Yanzu batun da na san iyaye da masu makarantu za su fara tambaya, cuɗanyar maza da mata. Irin wannan wasa akwai ɗaga juna, akwai jingina, akwai faɗuwa a tare ka. Tun kafin in buɗe baki su suka kawo maganar, sun ce maza da maza, mata da mata, masu horon ma mace ce ke taɓa mata, namiji ke taɓa maza. Inda labari ya buƙaci miji da mata ko uba da 'ya su riƙe juna, sai a sa zani ko igiya a tsakani, kowa ya riƙe baki ɗaya, kuma abin mamaki sai ya fi riƙe hannu ƙarfi, don ana ganin zanin yana miƙewa yana ɗamewa har ya suɓuce daga hannun ɗaya. 'Yan matan da hijabinsu da wando a ciki suka yi komai. Babu uba ɗaya da ya kawo ƙara a kan wannan, kuma wanda ya san iyayen makarantun kuɗi ya san ba ƙaramin abu na faɗa ba.

Ɗagawar ma da ilimi suka koyar, ba ƙarfin damtse ba, nauyin mutum a ɗora shi kan ƙugu ko kafaɗa, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, wanda ake ɗagawa shi ma ya ɗaure cikinsa kar ya saki jiki kamar buhun gero. Ƙaramin yaro sai ka ga ya ɗauki wanda ya fi shi.

Kayan wasan gaba ɗaya tabarmi ne, da jarkoki marasa ruwa, da zannuwa, da takalma. Tabarmar nan ta yi aiki, a tsaye bangon gida ce, a kan kai kaya ce, a ƙasa da yara a tsugune a kanta suna layi gefe da gefe ta zama kwale-kwale, don wani yaro ya kawo labarin yadda mutanen Baga suka tsere ta tafkin Chadi a Janairun 2015, wata kuma ta kawo na mutanen Damasak da suka tsallaka kogin Komadugu zuwa Diffa a Nijar. A naɗe a kafaɗun mutum huɗu kuwa ba sai an faɗa wa kowa ko mece ce ba.

Ranar nuni hol ya cika, iyaye mata sun fi yawa kamar kullum. An fara da safiyar gari, shara, jan ruwa a rijiya, yara na shirin makaranta, duk da jiki, babu tsintsiya babu guga. Sai kowa ya tsaya cak, kai ya juya gefe guda. Ba a saka ƙarar komai ba. Daga nan sai gudu, amma gudun a hankali ƙwarai, ƙafa ɗaya na ɗaukar daƙiƙu kafin ta sauka, kana ganin kowace fuska da kowane abu da ya faɗi ba a tsaya ɗauka ba. Da aka zo turin babur hol ɗin ya fashe da dariya, iyaye maza na taɓa juna suna nuni, don yaran sun kwaikwayi abin har da yadda ake ɗan karkata jiki ana riƙe kan mashin ana share gumi da kafaɗa. Suka zagaya sau ɗaya ana dariya, suka sake zagayawa, suka sake, layin na ƙara tsawo, wani mai kwaikwayon tsoho ya durƙusa ya miƙe ya ci gaba da turi, dariyar ta mutu da kanta. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne na ƙirgar. Yarinyar da ta fito a uwa tana dafa kan yara biyar ɗaya bayan ɗaya duk sanda aka yada zango. A zango na uku hannunta ya dafa huɗu, ya tafi wurin na biyar ya sami iska, ta koma ta faro daga farko, ta sake, tana ƙara sauri, sauran 'yan wasan sun ɗauki kayansu sun fara tafiya ita tana nan tana ƙirga. Ba ta yi kuka ba, an hana ta ma. A kujerun baya ne aka yi kukan.

Bayan an gama ba su bari an watse ba, suka jawo kujeru aka yi hira da 'yan kallo, irin ta 'yan Zariya. Wani dattijo cikin iyaye ya gyara musu abu guda, yace a layin abinci na sansanin 'yan gudun hijira ba a tsayawa da tazara haka, a matse ake, kuma mutum baya sakin katinsa ko barci yake. Jagoran yace mun gode Baba, ya kira yaran suka sake wurin nan take yadda ya faɗa. Wannan ya ƙara musu daraja a idona.

To yanzu ƙorafi, kuma ba kaɗan ba ne.

Babba shi ne basu da wani shiri na abin da zai biyo baya in yaro ya karye. Ana tsakiyar rihasal na kwale-kwalen wata yarinya ta zauna a ƙasa jikinta na rawa ta kasa tashi, ashe a irin wannan tsallakawar aka rasa wani nata, ba wanda ya sani har mu malamai. A lokacin sun yi abin da ya dace, an tsayar da komai, macen cikinsu ta fita da ita waje, aka ba ta ruwa, aka ce in bata so kar ta dawo wurin, ta zaɓi ta koma kula da kaya. Amma shi ke nan. Washegari ba su tambaya ba, babu lambar wani ƙwararre da za su ce ku kira, babu takardar da aka tura wa iyaye tun farko a ce ga jigon da za a taɓa, wanda yake da wani abu ya sanar. Ni da malamar da ke ba ɗalibai shawara muka bi ta har gida muka zauna da kakarta. Mutanen da ke yawo makaranta zuwa makaranta suna tono irin wannan rami dole su san yadda za a rufe shi. Rantsuwar da suka yi cewa wasan kan warkar da mutum ni ban karɓa ba dunƙule, wani yaron ya sami sauƙi da ya ga labarin gidansu a dandamali, na gani da idona, wani kuma fama masa aka yi. In makarantarku bata da mai ba da shawara na gaske, wanda ba sunan kawai yake riƙe da shi ba, ku zaɓi wani jigon.

Na biyu kiɗa. Sun zo da wani sautin fiyano mai jan rai a waya suna haɗawa da lasifika, irin wanda ake sa wa a bidiyon neman taimako, ko kaɗan bai dace da ƙafafun yaran ba, ga shi ranar gwajin ƙarshe aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, kowa ya tsaya yana kallon kowa. Yaran ne suka ceci abin, wani ya kifa jarka ya fara bugawa da tafin hannu, sauran suka bi da numfashi da jan ƙafa, sai ga shi ya fi. Da ƙyar muka shawo kansu aka cire fiyanon daga yawancin wuraren. Wannan ya haɗu da wani abu da ya ɗan ba ni haushi tun farko, yawan jingina komai da Faris da Burazil, da Turancin da suke zubawa a makon farko har sai da nace don Allah a sauko. Yaron da ya taso yana tashe duk azumi, yana ɗaura tsumma ya lanƙwashe baya ya zama tsoho, ko yana langa a ƙofar gida da ƙafa ɗaya, ko yana kallon 'yan dambe da 'yan koroso, ba baƙo ba ne a wajen magana da jiki. Mai kwaikwayon tsohon nan da ya kashe dariyar hol daga tashe ya kawo tafiyarsa, ba wanda ya koya masa. Da sun faro daga abin da yaran suka riga suka iya da an rage ɓata lokaci.

Na uku siminti. Suna koyar da faɗuwa, kuma sun iya koyarwa, a lanƙwasa gwiwa, a sauka ta gefen cinya, kar a tokare da tafin hannu, amma kafin yaro ya iya sai ya faɗi ba daidai ba sau da yawa, su kuma ko katifar motsa jiki ɗaya basu zo da ita ba, basu kuma faɗa mana tun wuri mu nema ba. Gwiwoyi sun goge, wani ya gurɗe a wuyan hannu, sai da muka aro tsofaffin katifu muka shimfiɗa kafet ɗin ofis a kai.

Sai lokaci da kuɗi. Latti kam suna yi, a ce ƙarfe 2 su iso kusan la'asar, yara na zaune da yunwa, direbobin iyaye na ta hon a bakin get. Kuɗin da aka yi ciniki a kai bai yi tsada ba in ka duba yawan zuwan da suka yi da gumin da suka zubar, da yawan ɗalibai da tsawon makonni suke yanke farashi kuma suna ragi. Matsalar ita ce ƙananan abubuwan da suka riƙa ɓullowa daga baya, kuɗin mota, abincin rana, fitilun da aka yi haya ranar nuni, mai ɗaukar bidiyo da suka ce nasu ne ashe shi ma biyansa daban, kuma ya kafa kyamara a can baya ya bar ta, rabin bidiyon ƙeyar iyaye ce. Ba na ce cuta suka yi niyya ba, rashin tsari ne irin na masu fasaha, amma akawun makaranta bai san wannan ba, ni ya riƙa kallo.

Don haka abin da za ku rubuta kafin kuɗi ya fita: jimillar kuɗi har da mota da abinci da fitila, lokacin isowa da abin da zai faru in an yi latti, wa zai kawo katifu, wasiƙa zuwa ga iyaye kafin a fara, da zama guda bayan nuni wanda za su dawo su zauna da yaran ba don rihasal ba sai don a ji yadda kowa yake. Ku ƙara da cewa labarin da yaro ya kawo daga gida ba za a saka shi a intanet da fuskarsa ko sunan garinsu ba sai gidan sun yarda, mu sai da muka sa aka sauke wani guntu da ɗaya daga cikinsu ya ɗora a Facebook don tallar aikinsu.

Wani abin da ban sa a lissafi ba kuma makaranta ta ci ribarsa, yanzu 'yan kulob ɗin su ke jan atisayen ɗumama jiki da kansu, sun iya raba kansu rukuni su fito da hoto uku su haɗa su da motsi ba tare da na sa baki ba, wato ba wasa ɗaya muka saya ba, hanyar yin wasa aka bar mana. Yarinyar mai neman sabis ita aka zaɓa mataimakiyar shugaban kulob.

Kar ku sa 'yan SS3, WAEC da NECO na gabansu, iyaye za su cinye ku. Kar kuma ku sa shi a watannin zafi, Maris da Afrilu a hol mai rufin kwano ana gudu lamba 8 azaba ce, zangon farko ya fi, daga Oktoba zuwa shigowar sanyi. 'Yan ƙaramar sakandare za su iya atisayen sarai, har sun fi manyan sakin jiki, amma ga jigon yaƙi ni daga SS1 zan fara.